Toka ta goge, benci ya fara yin fili

Ranar Larabar Toka, ranar da mu 'yan Katolika ke fara azumin kwana arba'in kafin Ista, cocinmu ya cika maƙil har waje. Mutanen da rabon a gan su tun Kirsimeti duk sun hallara, layi har bakin ƙofa, Fada da katikis suna ta shafa wa jama'a toka a goshi: "Ka tuna kai turɓaya ne, ga turɓaya kuma za ka koma." Ana tashi kowa ya ɗauki hoton goshinsa ya ɗora a Facebook. Ni ma na ɗora, kada in yi ƙarya.

Jiya Juma'a, mako na uku na azumin, na je Hanyar Gicciye, addu'ar da ake bin wahalar Yesu tasha-tasha har zuwa mutuwarsa da binne shi. Ba mu cika benci goma ba, yawanci 'yan Zumuntar Mata ne da tsofaffi.

Ba gori nake yi wa kowa ba, don ni ma nawa alkawarin tuni ya sha ƙasa. Na ce kullum zan tashi da asuba in yi rosari, wato addu'ar da muke yi da carbi, zan bar shayi da sukari, zan kuma kama bakina a kan ƙanena da muke rigimar gonar gado. Rosarin ya yi kwana tara. Juma'ar da ta wuce wani aboki ya miƙo mini tsire, sai da na ci yanka uku na tuna ranar da ake ciki. Batun ƙanena kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Abin da na lura da shi shi ne, da zarar mutum ya karya sau ɗaya sai ya ce shi ke nan, na bana ya lalace, sai baɗi. A nan ne nake ganin muke yin asara, ba a yanka ukun tsiren ba.

Ku duba fa, abin da Ikilisiya ta ɗora mana dole bai taka kara ya karya ba. Azumin wajibi kwana biyu ne rak, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau (ranar tunawa da mutuwar Yesu), ga mai shekara 18 zuwa 59: cin abinci sau ɗaya a ƙoshi, sai ɗan taɓawa sau biyu. Barin nama ranakun Juma'a kuma daga shekara 14. Tun 1966 Paparoma Paul na shida ya sassauta tsohuwar dokar, aka bar wa kowa ya zaɓi abin da zai hana kansa a sauran kwanakin. Ko lissafin arba'in ɗin ma ban da Lahadi shida da ke ciki.

A 2025 da azuminmu ya haɗu da watan Ramadan, wata maƙwabciyata ta tsokane ni: "Wai ku azuminku har da shan ruwa? Ai wannan hutu ne." Muka yi dariya, da yamma ta aiko mana da kunu da ƙosai. Ban ji haushi ba, wuni ba ruwa a zafin Maris ba wasa ba ne. Amma su gari ne gaba ɗaya ke azumi tare, kasuwa ta sani, mai shayi ya sani. Namu babu mai tashinka, babu mai leƙa tukunyarka. Yesu ma cewa ya yi a Matiyu sura 6, in kana azumi ka shafa mai a kai, ka wanke fuska, kada mutane su gane. Abin da ba mai gani, shi ya fi saurin suɓucewa.

Sai maganar nama, wadda ta daɗe tana damuna. Gida nawa ne a unguwarmu ke ganin nama ko sau ɗaya a mako? Wanda talauci ya riga ya hana shi nama, me ya bari? Shi kuma mai hali ya zauna ranar Juma'a gaban farfesun kifin da ya fi naman tsada, da lemo mai sanyi, wai yana horon kai. Doka dai ya cika ta. Amma Ishaya sura 58 ya faɗi irin azumin da Allah ke so: ka raba abincinka da mayunwaci, ka shigo da marar gida, ka tufatar da huntu. In kuɗin naman da ka bari bai shiga tukunyar wata gwauruwa ko akwatin St. Vincent de Paul, ƙungiyar coci mai taimakon matalauta, ba, a ganina canjin miya kawai ka yi.

Jiya a Hanyar Gicciyen wata tsohuwa ce a gabana, ƙafarta ɗaya a kumbure. Tasha goma sha huɗu, duk sai ta dafa benci ta durƙusa a kan siminti, ta daɗe kafin ta miƙe, har jikarta na riƙe mata hannu. A tasha ta tara na ce, "Mama, ki zauna mana, Allah ya san ciwonki." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, shi wannan da muke bi, faɗuwarsa ta nawa ke nan?" Ta uku ce. Tasha ta uku, ta bakwai, ta tara. Tun ina yaro nake haddace su, ban taɓa jin kunyar su ba sai jiya.

Yau da asuba na ɗauko rosarin daga inda na rataye shi, har ya yi ƙura. Da yamma Fada zai zauna sauraron furta zunubi, kuma na san tambayar da zai yi mini. Na buga wa ƙanena waya sau biyu, bai ɗauka ba. Bari in sake bugawa.