Yadda na yi ribar yaro ɗaya a Garwa

Makarantar da ɗiyata take aji biyar a Pitowa, a arewacin Kamaru, ta shirya kai yara yawon buɗe ido birnin Garwa, kuma da yake malamai biyu ba za su iya da aji guda a tsakiyar birni ba, sai aka nemi iyaye su taimaka. Ni ban halarci taron iyayen yara ba. Uwargida ce ta je, ita ce kuma ta miƙe a gaban jama'a ta ce maigidanta ya san Garwa ciki da bai. Sanin da na yi wa Garwa bai wuce tasha da babbar kasuwa da wani mai gasa kifi ba, amma maganar da mace ta faɗa a bainar jama'a, miji bai isa ya warware ta a tsakar gida ba.

Ranar tafiya, shugaban makaranta ya damƙa mini yara 14 da umarni guda. Ya ce, "Malam, ba mu nemi ka koya wa kowa komai ba. Ka ƙirga su idan za a shiga mota, ka ƙirga su idan an sauka, kada ka dawo mana da giɓi." Ɗiyata ma ta ja ni gefe ta ce cikin ladabi, "Baba, don Allah idan mun je kada ka fara ba da labari." Wannan roƙo ya sosa mini rai, domin daren jiya sai da na zauna na tattaro duk abin da na sani game da Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, wanda aka haifa a Garwa a 1924.

Tsakanin Pitowa da Garwa tafiyar kilomita 15 ce ko kusa da haka, amma kafin mu wuce dutsen Tingilin yara uku sun nemi a tsaya su yi fitsari, ɗaya ya cinye guzurinsa, wata kuma ta fashe da kuka saboda dala ashirin da aka ƙulle mata a bakin ɗankwali ta ɓace, alhali tana riƙe da ita a ɗaya hannun. Watan Maris ne, lokacin da zafin Garwa yake haura maki 40, motar kuma tagoginta biyu ne kawai suke buɗewa.

Zangonmu na farko shi ne filin wasa na Rumde Ajiya, kuma a nan ne na saɓa wa ɗiyata. Na tara rukunina a inuwa na bayyana musu cewa a wannan fili aka buga wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a watan Janairun 2022, a nan Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, a nan kuma Tunisiya ta fitar da Najeriya daga gasar, daren da maƙwabcina ɗan Mubi ya kwana bai ci tuwo ba. Yaran suna ta kallon wata makaranta da ita ma ta kawo nata ɗaliban, masu shuɗin kaya irin namu sak. Yaro ɗaya ne kawai ya tsaya a gabana yana gyaɗa kai, har ya tambaye ni wanda ya ci ƙwallon Masar, na ce masa Kelechi Iheanacho. Na ce a raina, ga ɗan da aka yi wa tarbiyya, ya kamata in nemi ubansa mu gaisa.

Da muka tsaya cin abinci na sayi burodi da folere, wato zoɓo, mai sanyi ƙulli 14, na raba, sai wata yarinya ta rasa. Na koma wa mai folere da faɗa, ya rantse da Fulatanci ya maimaita da Hausa cewa 14 ya ba ni. Na ƙara sayen ƙulli ɗaya, sannan na yi wa yaran doguwar nasiha a kan haramcin cin rabon ɗan'uwa. Yaron nan mai tarbiyya shi ya fi kowa nuna takaici.

Daga nan muka nufi gadar kogin Binuwai domin ganin dorina. Ruwa ya ja baya saboda rani, masu wanki sun shanya kaya a kan yashi, can nesa kuma wasu baƙaƙen abubuwa suna nutsewa suna ɓullowa, rabin yaran suka ce dorina ce, rabi suka ce duwatsu ne. Ina cikin bayanin yadda kogin yake bi ta Yola da Makurɗi har ya haɗu da Kwara a Lokoja, sai malamin ajin ya ce a shiga mota. Na ƙirga, na samu 15. Na sake ƙirgawa ina taɓa kan kowane yaro da hannu, har yanzu 15. Na cire kaina daga lissafi, ko da yake ban saka kaina ba tun farko, bai canza komai ba. Malamin ya tabbatar nasa rukunin cif yake, sai ya ɗauko takarda ya kira suna, kowa ya amsa ya koma gefe, aka bar yaro ɗaya tilo a tsaye yana tsotsar ragowar folerensa, wato mutumina mai tarbiyya.

Na ce, "Kai yaro, ɗan wace makaranta ne kai?" Ya faɗi sunan makarantar da muka bari a filin wasa. Na ce to me ya kawo ka cikinmu? Ya ce, "Baba, na ji an ce ku za ku je ganin dorina, mu kuma gida za mu koma."

Na tare ɗan kalando, wato ɗan acaɓa, na ɗora yaron a tsakiya, muka koma Rumde Ajiya a guje. Mun tarar da malamarsa ta cire takalmi tana zagaya fili, muryarta ta dishe, an riga an sanar da 'yan sanda. Ta rungume shi, ta ja masa kunne, sannan ta juyo kaina ta tambaye ni, a gaban ɗan sanda, yadda babba mai furfura zai yi awa uku da ɗan mutane bai lura ba. Na ce mata umarnin da aka ba ni a kan giɓi ne, ba wanda ya yi mini maganar ƙari. Ɗan sandan ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Mun isa Pitowa bayan magariba, muka tarar labari ya riga mu, sai dai ya juye a hanya, an ce yaro ya ɓata. Kowace uwa ta cafke nata tana duba shi da fitilar waya. Ranar Litinin aka sa ajin su rubuta abin da suka gani a Garwa. Ɗiyata ba ta ambaci Ahidjo ba, ba ta ambaci kogin Binuwai ba, ta cika shafi biyu a kan yadda babanta ya sato yaro 'yan sanda suka sake shi, malam kuma ya ba ta maki 17 cikin 20.