Umar ya nemi shaida, mu kuma "tura wa mutum goma"

Abu Musa Al-Ash'ari (RA) ya taɓa zuwa ƙofar Sayyidina Umar, ya yi sallama sau uku, shiru, sai ya juya. Da Umar ya tambaye shi dalili, ya ce Manzon Allah (SAW) ne ya ce wanda ya nemi izini sau uku ba a ba shi ba, ya koma. Umar ya ce ya kawo wanda ya ji wannan magana, in ba haka ba ya kuka da kansa. A firgice Abu Musa ya isa majalisar Ansar, suka tashi ƙaraminsu, Abu Sa'id Al-Khudri, ya je ya ba da shaida. Bukhari da Muslim duk sun kawo ƙissar. A Muwaɗɗa ta Imam Malik kuwa Umar ya fayyace cewa ba tuhumarsa yake ba, tsoronsa kada mutane su saba da jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba.

Sahabi fa aka yi wa haka, ba wani baƙo ba.

Abin da nake ganin mun manta ke nan. Muna ta kirarin Abu Huraira da hadisai 5,374, Nana A'isha da 2,210, amma ba mu cika faɗin yadda suke tantance juna ba. Da A'isha ta ji Ibn Umar yana ruwaito cewa ana yi wa mamaci azaba saboda kukan danginsa, cewa ta yi bai yi ƙarya ba, mantuwa ce ko kuskure, ta kuma kafa hujja da ayar da ta ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Malamai daga baya sun daidaita ruwayoyin biyu, har Bukhari ya fassara ta Ibn Umar da wanda kukan mutuwa al'adarsa ce tun yana raye. Ba wanda ya ce A'isha ta yi rashin ladabi.

Yau fa? Saƙo ya faɗo a WhatsApp, babu sunan mai ruwaya, babu littafi, sai "Annabi ya ce" da alƙawarin arziki ga wanda ya tura wa mutum goma. Ka tambayi madogara, a ce kana ja da hadisi. Wani har ya ce ai da kyakkyawar niyya aka tura. Abu Musa ma niyyarsa kyakkyawa ce, kuma gaskiya ya faɗa, duk da haka sai da ya je ya zo da Abu Sa'id.