Doka ta sakar wa gwamnoninmu mara a kan wutar lantarki, amma har yanzu muna cikin duhu

Shekara da shekaru, duk lokacin da talakan Arewa ya koka da rashin wutar lantarki, amsa ɗaya gwamnatocin jihohi suke ba shi, wato harkar wuta ta gwamnatin tarayya ce kuma hannunsu a ɗaure yake. A wancan lokaci akwai gaskiya a maganar, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya taƙaita ikon jihohi ga yankunan da babban layin wuta na ƙasa bai kai ba. Amma wannan uzuri ya mutu tun watan Maris na 2023, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran kundin da ya ba kowace jiha damar samar da wuta da dakonta da rarraba ta a ko'ina cikin iyakarta. A watan Yuni na shekarar kuma Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu a kan sabuwar Dokar Wutar Lantarki ta 2023, wadda ta fayyace yadda jiha za ta yi tata dokar, ta kafa tata hukumar, ta karɓi ragamar kula da kasuwar wutarta daga hannun NERC, hukumar tarayya mai kula da harkar wutar lantarki. Tun daga ranar, gwamnan da ya ce duhun da jama'arsa suke ciki ba laifinsa ba ne, yana faɗin abin da ya san ba haka yake ba.

Jihar Enugu ce ta fara karɓar wannan iko a watan Afrilu na 2024, sannan Ekiti da Ondo da Imo da Oyo da Edo da Kogi da Legas da Ogun suka biyo baya, daga bisani Neja da Filato suka shiga sahu. A cikin wannan jeri na farko babu jiha ko ɗaya daga Arewa maso Yamma ko Arewa maso Gabas, alhali mu ne muka fi kowa nisa da tashoshin gas na Kudu, mu ne a ƙarshen layi, kuma mu ne Allah ya fi hore wa hasken rana. Wannan jinkiri yana ƙona min rai, domin babu wanda ya fi mu bukatar dokar, kuma babu wanda ya fi mu nawa wajen cin moriyarta.

Wanda bai fahimci haɗarin zama a ƙarshen layi ba, ya tuna da watan Oktoba na 2024. An lalata turakun layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, sannan ɗaya hanyar da ta biyo ta Ugwuaji zuwa Apir ita ma ta samu matsala, sai kawai mafi yawan jihohin Arewa suka auka cikin duhu fiye da mako guda. Masu walda sun rufe shaguna, teloli sun naɗe hannu da kayan mutane a gabansu, masu ƙanƙara da masu sayar da kifi sun zubar da jarinsu a kwata, farashin ruwa a hannun 'yan garuwa ya tashi saboda rijiyoyin burtsatse sun tsaya, kuma asibitoci sun koma ƙona man dizal da kuɗin da ya kamata a sayi magani. A cikin waɗancan kwanaki ya bayyana wa kowa cewa yanki mai ɗauke da miliyoyin mutane ya rataya ne a kan 'yan wayoyi ƙalilan da suka ratsa dajin da 'yan bindiga suke iko da shi. An yi taruka, an fitar da sanarwa, an yi alkawarin cewa Arewa za ta nemi hanyar dogaro da kanta, amma da aka dawo da wutar sai zafin maganar ya huce tare da ita.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba rashin albarkatu ne ya kai mu wannan hali ba. A yankin Kano da Katsina da Sakkwato da Barno, kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa tana samun ƙarfin hasken rana da ya kusa kilowat-awa 6 a yini, abin da ƙasashen Turai da suka cika rufin gidajensu da farantan sola ba sa samun kamarsa. Muna da madatsun ruwa da aka gina tun zamanin iyayenmu, irin su Tiga da aka yi a mulkin Audu Baƙo da kuma Challawa. A shekarar 2013 gwamnatin Kano ta ba da kwangilar samar da megawat 35 daga waɗannan madatsu biyu, domin a ba matatun ruwa da fitilun titi da masana'antu wuta, amma aikin ya shafe fiye da shekara goma yana jan ƙafa daga wannan gwamnati zuwa waccan, kowace ta zo sai ta ɗora laifi a kan wadda ta gabace ta. A Katsina kuwa, tashar iska ta Lambar Rimi mai injina 37 da aka tsara za ta ba da megawat 10, wadda tunaninta ya faro tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna kafin tarayya ta karɓe ta, ta kwashe fiye da shekara 15 ana kai-kawo a kanta. A 2016 ma an ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina manyan tashoshin sola da jimillarsu ta haura megawat 1,000, yawancinsu a jihohin Arewa, sai taƙaddama a kan farashi da lamunin gwamnati ta kashe maganar baki ɗaya. Wannan na ƙarshe laifin Abuja ne, amma ban ga gwamnonin da aka yi niyyar kafa tashoshin a jihohinsu sun tashi tsaye sun yi faɗa a kan asarar da aka jawo wa jama'arsu ba.

Kuma an riga an gwada an gani cewa abin yana yiwuwa a ƙasarmu da yanayinmu. A 2019 an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, an kuma kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari wutar sola ta hannun hukumar samar da wutar lantarki a karkara, wato REA, sannan a watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar megawat 10 a Kumbotso. Duk waɗannan ayyukan hukumomin tarayya ne. To ina na jihohi?

Na jihohi shi ne fitilun titi masu sola. Wannan ita ce manufar makamashi da muka fi gani da idanunmu, kuma ina faɗin haka ne cikin ɓacin rai. Ana ba da kwangila, a kafa turaku a manyan titunan da baƙi suke bi, a ɗauki hoto da daddare a watsa a Facebook, a kira shi juyin juya hali. Bayan damina ɗaya ko biyu sai batir ya mutu, ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin, ɓarayi su kwance abin da ya saura, kuma ba za ka taɓa jin an ware ko sisi domin gyara ba, saboda gyara ba ya kawo sabuwar kwangila. Duk wanda ya sa sola a gidansa ya san cewa faranti yana bukatar wanki, musamman daga Nuwamba zuwa Maris, kuma batir yana da wa'adin da zai yi ya gaji, balle a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu. Idan magidanci ya san wannan, babu yadda za a ce injiniyoyin ma'aikata ba su sani ba. Haka labarin yake a ƙananan asibitocin karkara, inda za ka tarar da faranti a kan rufi da inbata a kusurwar ɗaki, amma unguwar zoma tana karɓar haihuwa da fitilar waya, firjin allurar rigakafi kuma ya zama akwatin ajiye takardu, domin babu wanda aka ɗora wa alhakin sauya batir.

Ba na raina hasken titi, domin yana rage sata kuma yana ba masu shayi da masu tsire damar neman abinci da dare. Amma fitilar titi ba ta juya injin niƙa, ba ta kunna injin walda, ba ta tura ruwa daga matatar Tamburawa zuwa unguwannin Kano, kuma ba za ta farfaɗo da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa ko masaƙun Kakuri da suka durƙushe ba. Abin da talaka yake nema shi ne wutar da zai yi sana'a da ita.

Ɗaya ɓangaren da aka yi wa riƙon sakainar kashi shi ne tsimin wuta, kuma a ganina nan ne sakacin ya fi muni, domin shi ne mafi arha. Ƙasar da take raba megawat 4,000 zuwa 5,000 tsakanin mutum fiye da miliyan 200 ba ta da wutar da za ta yi almubazzaranci da ita, amma ka shiga sakatariyar gwamnati da rana tsaka ka ga fitilun waje a kunne, na'urorin sanyaya ɗaki suna aiki a ofisoshin da babu kowa, tagogi a buɗe, janareto yana ruri da man da aka saya da kuɗin jama'a. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi, kuma jihohi ne suke da ikon ba da izinin gini, saboda haka su ne za su iya tilasta bin ta. Duk da haka gwamnatoci da kansu suke gina ofisoshi da gilashi daga sama har ƙasa suna fuskantar rana, da ajujuwa masu rufin kwano babu silin, waɗanda yara ba sa iya zama a cikinsu bayan azahar. Kakanninmu da suka yi gini da tubali da azara, da katanga mai kauri da ƙananan tagogi da soro mai tsayi, sun fi mu sanin yadda ake zama da zafin wannan ƙasa. Ba ina cewa a koma ginin ƙasa ba ne, amma hikimar inuwa da kaurin bango da mashigar iska ba ta tsufa ba, kuma doka ce kaɗai za ta sa 'yan kwangila su bi ta.

Haka nan kasuwanninmu sun cika da jabun farantai da batiran da aka sake wa fenti da kwan fitila da ba ya wata guda. Ma'aikaci zai tara albashin watanni, ko ya ci bashi, ya sayi kayan sola domin ya huta da sayen fetur da ya ninka farashi tun cire tallafi a watan Mayu na 2023, sai kayan su mutu a hannunsa kafin shekara, kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Me zai hana jiha ta yi rajistar masu haɗa sola, ta horar da matasa a kwalejojin fasaha da take da su, ta ba su shaida, ta kuma haɗa kai da hukumar kula da ingancin kaya a kori jabu daga kasuwa? Wannan ba ya bukatar biliyoyi, yana bukatar gwamnatin da ta damu ne kawai.

A halin da ake ciki, mu da muke kan layin kamfanin rarraba wuta muna biyan kuɗin duhu. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga farashin wuta ga masu amfani da ita da aka sa a rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat-awa, daga ƙasa da naira 70, bisa alkawarin wutar awa 20 a yini, kuma ko da aka ɗan rage daga baya bai sauko ƙasa da 200 ba. Sakamakon da muka gani a unguwannin talakawa shi ne an karkata 'yar wutar da ake da ita zuwa layukan masu biya da tsada, sauran jama'a kuma sai tsakar dare ake haska musu ita a ɗauke kafin asuba. A unguwarmu yawancin gidaje ba su da mita, takardar ƙiyasi ake kawo mana a ƙarshen wata ko an sha wuta ko ba a sha ba, idan taransifoma ta ƙone mu ne za mu yi karo-karo mu gyara, sannan a zo da tsani a yanke wa wanda ya yi jinkirin biya. Da jiha tana da hukumarta mai haƙori, da a nan cikin gari za mu kai kuka, a gaban mutanen da muka san ofishinsu kuma muke iya tuhumar gwamnan da ya naɗa su.

Na san masu kare gwamnati za su ce harkar wuta tana cin kuɗi kuma jihohi ba su da shi. Amma kowa ya san kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin mai, kuma muna ganin inda ake zuba shi, a gadojin sama da sababbin gidajen gwamnati da jerin motoci. Bayan haka, ba a ce gwamna ya gina kowace tasha da kuɗin baitulmali ba. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES na ƙananan tashoshin sola da na'urorin gida, kuma masu zuba jari suna zuwa ne inda suka ga doka tabbatacciya da fili marar rigima da tabbacin cewa ma'aikatun gwamnati za su biya kuɗin wutar da suka sha. Jihar da hukumominta suke cikin manyan masu riƙe bashin wuta ba ta da bakin kiran ɗan kasuwa ya kawo dukiyarsa.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisun dokokin jihohinmu, waɗanda su ne doka ta ɗora wa wannan nauyi, su daina jiran sai an aiko musu da takarda daga gidan gwamnati. Inda ba a yi dokar wuta ba a yi ta, inda aka yi kuma a fito da ita daga aljihun tebur, a naɗa wa hukumar ƙwararru maimakon 'yan siyasar da suka faɗi zaɓe. Kowace kwangilar sola a rubuta a cikinta wanda zai kula da kayan na tsawon shekara biyar aƙalla, kuma a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai wa'adin ya cika. A wallafa wa jama'a nawa aka kashe a Tiga da Challawa, nawa suke bayarwa a yau, kuma ina wutar take zuwa. A fara da matatun ruwa da asibitoci da kasuwanni da wuraren masu sana'ar hannu, a kuma sa mita a kowane ofishin gwamnati, a ɗora wa shugaban ofishin alhakin abin da aka sha a cikin kasafin kuɗinsa.