Masu kawo sunan Roosevelt a gardamar tallafi, ku ƙarasa labarin

Duk lokacin da gardamar tallafi ta tashi a shafin nan, ba a rasa wanda zai shigo da sunan Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, ya ce ai Amurka ma da rabon tallafi ta fita daga matsin shekarun 1930. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take wucewa ba a tanka ba. Amma rabin labari ake bayarwa, kuma rabin da ake bari a baya ya fi amfani.

Kasuwar hannun jari ta New York ta ruguje a watan Oktoba na 1929. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka durƙushe, kuma a wancan zamani in banki ya mutu babu wata hukuma da ta ɗauki alhakin biyan ka ajiyarka. Cikin ma'aikata huɗu, ɗaya yana zaman kashe wando. Mutanen da jiya suke da gidajensu suka koma kwana a bukkokin kwali da langa-langa a bayan gari, har aka laƙa wa irin waɗannan unguwanni sunan Shugaba Hoover don gori. Iskar ta kaɗo har Kano, inda farashin gyaɗa ya faɗi warwas, mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba.

Franklin Roosevelt ya sha rantsuwa ranar 4 ga Maris 1933. Ku duba abin da ya fara taɓawa. Ranar 6 ga wata ya rufe duk bankunan ƙasar. Ranar 9 majalisa ta amince da dokar gaggawa ta bankuna cikin wuni guda. Masu bincike suka duba littattafai, banki mai lafiya aka ba shi izinin buɗewa, mai ciwo ya ci gaba da zama a garƙame. Daren Lahadi 12 ga wata ya hau rediyo ya yi wa talaka bayani dalla-dalla: abin da banki yake yi da kuɗin da aka ajiye, da dalilin da ya sa ko banki mai gaskiya ba zai iya biyan kowa a rana ɗaya ba. Ya ce musu kuɗi a bankin da aka sake buɗewa ya fi aminci a kan kuɗi a ƙarƙashin katifa. Da aka buɗe ranar Litinin, abin da mutane suka mayar ya fi abin da suka cira.

A watan Yuni aka kafa hukumar inshorar ajiya, FDIC. Manyan masu bankuna sun yi adawa da ita, shi kansa Roosevelt da farko bai so ba. Daga Janairun 1934 ta fara lamunce ajiyar kowa har dala 2,500. A 1933 bankuna wajen 4,000 suka rufe. A 1934, cikin waɗanda ke da inshora, 9 kacal suka faɗi. Ba a raba wa kowa ko ƙwandala a nan ba, amma a ganina babu wani shiri na New Deal, wato jerin shirye-shiryen Roosevelt na farfaɗo da tattalin arziki, da ya kai wannan tasiri. Mu ma NDIC ɗinmu da aka kafa a 1988 daga wannan tunani ta samo asali.

To, tallafin fa? An yi shi, kuma an yi shi da gaggawa, domin mai jin yunwa ba ya jiran kwamiti. A watan Mayun 1933 aka ware dala miliyan 500 aka danƙa wa Harry Hopkins, shugaban hukumar agajin gaggawa, ya raba wa jihohi. Sai dai Hopkins da ubangidansa duka ba su ƙaunar kyauta zalla. Da sanyin ƙarshen 1933 ya ƙarato, cikin kamar wata biyu aka ɗauki mutum miliyan 4 aikin gyaran hanyoyi da makarantu da magudanan ruwa. A Janairun 1935 Roosevelt ya tsaya gaban majalisa ya kwatanta dogaro da kyautar gwamnati da ƙwaya mai bugarwa, wadda ke kashe zuciyar mutum a hankali. Daga nan aka kafa WPA, hukumar ɗaukar marasa aiki su yi ayyukan gwamnati, wadda kafin a rufe ta a 1943 ta ɗauki mutum wajen miliyan 8.5, ta yi ko ta gyara hanyoyi sama da mil 600,000.

Wanda ya fi burge ni shi ne CCC, shirin sa samari aikin raya daji. Saurayi marar aure, ɗan shekara 18 zuwa 25, daga gidan da ke cikin ƙunci. A kai shi sansani a daji, sojoji ne ke kula da kwana da abinci, a ba shi tufafi da takalmi da cebur. Albashinsa dala 30 a wata, amma 5 kawai ake sa masa a hannu, sauran 25 ɗin gida ake aikawa kai tsaye, ko ya so ko ya ƙi. Wanda ya tsara wannan ya san halin samari. Da kuɗi ɗaya an raba yaro da zaman majalisa, an ɗora wa uwarsa tukunya, an kuma dasa itace. Samari wajen miliyan 3 suka bi ta cikin shirin zuwa 1942, suka dasa itatuwa kusan biliyan 3.

Dalilin da ya sa nake fifita aiki a kan rabo bai tsaya ga mutuncin mai karɓa ba, ko da yake shi ma abin dubawa ne. Aiki yana barin shaida. In an ce an gina gada, kowa zai iya zuwa ya taka ta, ya ga ko akwai ko babu. In an ce an raba buhu dubu ɗari, bayan wata guda abin da ya rage takarda ce mai jerin sunaye, kuma wanda ya raba shi ne ya rubuta ta. Ba wai WPA ta tsira daga 'yan siyasa ba. A zaɓen 1938 an yi ta zargin ana matsa wa ma'aikatanta su zaɓi wasu 'yan takara, musamman a jihar Kentucky, abin da ya sa a 1939 aka yi dokar hana ma'aikatan tarayya tsoma hannu a kamfe. Amma ko da aka yi wannan wasa, gadar tana nan.

Sannan a daina cewa shirin ne ya kawo ƙarshen matsin. Ya rage shi sosai, bai gama da shi ba. A 1937 Roosevelt ya ga kamar an farfaɗo, ya tsuke bakin aljihun gwamnati don daidaita kasafi, sai tattalin arziki ya sake kifewa. Rashin aiki ya tashi daga kashi 14 cikin 100 zuwa wajen 19 a 1938 (wannan lissafi yana ƙirga masu aikin WPA cikin marasa aiki, don haka akwai masu cewa adadin bai kai haka ba). Sai da masana'antu suka koma ƙera makaman Yaƙin Duniya na Biyu kafin aiki ya wadata. Kotun Ƙoli ma ta rushe hukumar farfaɗo da masana'antu a 1935, ta rushe dokar noma a 1936. Abubuwan da suka rayu har yau dokoki ne: inshorar ajiya, hukumar sa ido kan kasuwar hannun jari ta 1934, fanshon tsofaffi na 1935, da mafi ƙarancin albashi na 1938, wanda ya fara da santi 25 a awa.

Ga kuma ɓangaren da masoya Roosevelt ba su cika son ji ba. Don a ɗaga farashin amfanin gona, gwamnati ta biya manoma su rage noma. A 1933 aka tumɓuke auduga eka miliyan 10 da ta riga ta tsiro, aka yanka aladu wajen miliyan 6, a ƙasar da mutane ke bin layin miya kyauta. Farashi ya ɗan ɗaga, gaskiya ne. Amma cakin gwamnati sunan mai gona yake ɗauke da shi. A jihohin Kudu, waɗanda ke noma gonar wani a raba amfani, da yawansu baƙaƙen fata, su ne aka ce wa su tattara komatsansu, tunda an rage fili ba a buƙatar hannunsu. Mai gona ya karɓi kuɗin rashin noma, wasu ma suka sayi tarakta da shi.

Haka dokar fansho. Frances Perkins, mace ta farko da ta riƙe muƙamin minista a Amurka, ita ta ja ragamar tsara ta, kuma aiki ne babba. Amma dokar ta cire 'yan ƙwadagon gona da masu aikin gida, wato kusan kashi biyu cikin uku na baƙaƙen ma'aikata a lokacin. Har yau masana suna gardama a kan dalili: wasu sun ce 'yan majalisar Kudu ne suka ƙi, don kada arhar lebura ta kuɓuce musu, wasu sun ce Baitulmali ne ya ga karɓar haraji daga gona-gona da gida-gida zai yi wuya. Ko wanne ne, matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke-wanke a gidan wani ta tsufa babu sunanta a rajista. Sai a shekarun 1950 aka fara shigar da irinsu cikin fansho. Dokar mafi ƙarancin albashi ita ma haka ta tsallake su: 'yan ƙwadagon gona sai 1966 ta fara shafar wasunsu, masu aikin gida kuwa sai 1974.