Kafin ka ce wa mai shago "a ba ni fayif mai araha"

Jama'a assalamu alaikum. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai, jiya kuma aka sake tayar min da ita, don maƙwabcina ya kira ni in zo in ga bangon banɗakinshi da ya jiƙe sharkaf tun daga ciki, fenti yana ɓarewa, siminti yana zuba kamar gari, gidan nan kuwa ko shekara biyu bai yi da tarewa ba. Da aka fasa wajen sai ga fayif ɗin wayarin, irin wanda ake zura wayar wuta a ciki, shi aka binne mashi a matsayin na ruwa. Wallahi na ji ciwon abin nan ƙwarai, don na san yadda bawan Allah nan ya tara kuɗin ginin, albashi ne da ɗan noma, kaɗan kaɗan.

Ni ba fulamba ba ne. Abin da ya sa na shiga harkar shi ne larura irin ta kowa a Katsina, gari ya faɗaɗa ya wuce inda layukan ruwan dam ɗin Ajiwa suke kaiwa, yawancin sababbin unguwanni ko dai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa, to da Allah ya hore mana muka sa tanki a gida can wajen Ƙofar Ƙaura sai na ga in dai duk ɗigon da ya ɓalle sai na kira mai gyara to ba zan iya ba. Na fara da canza kan famfo, na zo na ja layi zuwa wajen alwala, daga baya na yi wa kaji mashaya, na ja wani siriri zuwa gindin zogale da lemun tsami a bayan gida. A cikin haka ne na gane cewa fayif mai araha yana samuwa, kuma ba laifi ba ne mutum ya neme shi, matsalar ita ce muna shiga shago ba mu san aikin da kowane iri yake yi ba, sai mu bar mai shago ya zaɓa mana da farashi kawai.

Kala kala ne fa. Akwai PVC na ruwa mai ƙarfi, shi ne mai kauri, a jikinshi za ka ga an buga girmanshi da yawan matsin da yake ɗauka, a ma'aunin matsi da ake ce ma "ba" (bar), 6 ko 10 ko 16. Akwai na ruwan datti, wato na kwata da sokawe, inci 2 zuwa inci 4, shi faɗi gare shi amma jikinshi siriri ne saboda ruwa gangarowa kawai yake ba tura shi ake ba. Akwai na wayarin mai milimita 20 ko 25, wanda ba a yi shi don ruwa ba sam. Sai koren nan PPR da ake haɗawa da injin zafi, shi ke jure ruwan zafi, sai kuma baƙin nan na naɗi da masu lambu suke ja mai nisa. In ka je ka ce "a ba ni rabin inci mai sauƙi" ba ka faɗi aikin ba, to na wayarin da na ruwa girmansu ya yi kusa, soket ɗin ma, ɗan guntun da ke haɗa fayif biyu, zai iya shiga, kai ba za ka gane ba sai bayan wata shida.

Inda nake son mutane su tsaya su fahimta, don nan ne sauƙin yake, shi ne lissafin matsin ruwa. Duk tsawon mita 10 na ruwa a tsaye yana ba da kusan ba 1. Tankin gidajenmu kan ƙarfen da bai wuce mita 3 ko 4 ba yake, kenan ruwan da ke saukowa daga tanki zuwa famfon tsakar gida ko rabin ba bai kai ba. To mi zai sa ka sayi mai ba 16 ka ja tun daga tanki har bayan gida inda kaji suke? Mai ba 6 na gaskiya ya ishe ka har ya yi yawa. Amma layin da ya taso daga sumo, wanda injin ke tura ruwa a cikinshi daga ƙasan rijiya zuwa saman tanki, da duk wanda za a binne a cikin bango ko ƙarƙashin tayil, nan kada ka yi rowa ko kaɗan, sayi mai kauri ko da za ka rage wani abu a gefe, don ranar da ya fashe ba kuɗin fayif za ka biya ba, kuɗin fasa bango ne da magini da siminti da fenti. Mu kuma juya abin muke, na waje da ido ke gani a sa mai kyau, na cikin bango a cusa ko mine ne.

Tsadar ma ba daga masu shago kaɗai take ba, gaskiya a faɗa. Garin robar da ake narkawa a yi PVC yawancinshi daga waje ake shigo da shi da dala, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ga cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar, kuɗin kaya da kuɗin mota duk suka tashi tare. Abin da wasu masu yin fayif suka koma yi don farashi ya zauna inda talaka zai iya taɓawa shi ne su rage kauri, su rage tsawo, su cika garin alli a cikin robar. Allin nan ana sa shi daman daidai gwargwado, amma in ya yi yawa fayif ya zama kamar ƙwan fitila, ka sa zarto ya tsage, ya faɗi ƙasa ya ɓare. Shi ya sa ni yanzu da tef ɗina nake zuwa kasuwa. Cikakken tsawo ya kamata ya kusa mita 6, na taɓa sayen guda biyar a wani shago na zo gida na auna duk sun gaza, sai da na koma na ƙaro ɗaya da soket biyu, kenan arahar ta tafi a kuɗin Keke Napep. Ka ɗaga biyu masu girma ɗaya ka ji nauyinsu a hannu, ka leƙa bakin ka ga ko kaurin ya zagaye daidai ko gefe ɗaya ya fi siranta, ka matsa shi da yatsa, ka duba rubutun jiki da tambarin NIS na hukumar SON. Wanda ba a rubuta komai a jikinshi ba ni ba na sa shi a layin ruwan sha.

Kuma abin mamaki ba fayif ɗin ne ke cinye kuɗi ba a ƙaramin aiki, kayan haɗi ne. Elbo na lanƙwasa, ti na raba layi, soket, yuniyan, adafta, ridiyusa na rage girma, bal geji na buɗe ruwa da rufewa, ɗaya ɗaya kamar ba komai ba, in aka tara sai ka ga sun kamo kuɗin fayif ko sun wuce. Wani dattijon fulamba da ya yi mana aikin farko, Allah ya saka mashi da alheri, shi ya koya min. Na nuna mashi zanen da na yi a takarda ya duba ya ce, "Ɗana, elbo nawa ka sa nan?" Na ce tara Baba. Ya ce "Kowane elbo kuɗi ne, kuma kowane elbo yana rage ma ruwa ƙarfi, kuma kowane haɗi wajen yoyo ne gobe. Matsar da famfon nan taku biyu ka ga." Da muka matsar sai suka koma huɗu. Tun daga ranar ba na zuwa kasuwa sai na zana layin a takarda na ƙirga komai, in sayi abin da nake buƙata da ƙarin ɗaya ko biyu. Abu biyu ne kawai ba na ragewa, yuniyan a bakin tanki da bakin inji don ranar gyara ka kwance ba sai ka yanka ba, da bal geji mai kyau a gindin tanki, don tankin lita 1000 in ya ɓalle da dare kafin asuba babu ko ɗigo.

Sai maganar ƙona bakin fayif da takarda ko leda don a buɗa shi a cusa wani a ciki, wai an huta da sayen soket. Na san kusan kowa na yi, har wasu masu sana'ar, amma don Allah a layin da ke da matsi a daina. Wuta tana cin ƙarfin robar, wajen ya yi baƙi ya sirance, nan ne zai fara tsagewa. Soket nawa yake? Haka gam, mutane su sayi fayif mai kyau su zo su sa gam ɗin da ya kwana buɗe ya yi kauri kamar kunu. Gam ɗin PVC narka fuskar robar yake ya haɗe biyun su zama ɗaya, don haka sai wajen ya bushe ba ƙura, ka yanka a miƙe, ka goge bakin da samfefa, ka shafa ciki da waje, ka tura har ƙarshe ka ɗan murɗa, ka riƙe kamar daƙiƙa 30, sannan ka bar shi ya kwana kafin ka sakar mashi ruwa in da hali. Wajen zare kuma tef fari ake naɗawa ta yadda ake ɗaurewa, kuma kada ka danne kan famfon ƙarfe cikin soket ɗin roba da sifana har iya ƙarfinka, tsagewa yake.

Ranar Katsina ma abin lissafi ce. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40, fayif ɗin da aka bari a fili kan rufi ko jikin katanga rana tana cin shi a hankali, ya koɗe ya yi fari ya bushe, wata rana akuya ta goga jiki ya karye. Ka binne shi ko da taƙi biyu ne a ƙasa, inda ba ya binnuwa ka shafa mashi farin fenti na ruwa ko ka naɗe shi da tsumma ko buhu. PVC kuma ba ya son ruwan da ya wuce digiri 60, kada a ja shi daga hita, wannan aikin PPR ne.

To ina ake samun sauƙin? In aikin ƙarami ne, mashayar kaji ne, ko firam ɗin gidan sauro, ko rumfar 'yan shuke shuke, ko indararo da zai tara maka ruwan damina a duro, ba sai ka sayi cikakken tsawo ba. Masu gyaran famfo suna da guntaye jibge a shagunansu, haka wajen da ake manyan gine gine, ka yi sallama ka tambaya da mutunci za a sayar maka da sauƙi, wani ma ya ba ka kyauta. A irin wannan aikin har na wayarin ɗin yana da amfani, firam ɗin gidan sauron yarana da shi na yi, elbo huɗu da ti huɗu, ban ma sa gam ba don in iya kwancewa. Tsohon fayif na 'yan gwangwan kuwa a yi rumfa da shi ko a ja ruwan kwata, amma ban da ruwan sha, ba ka san abin da ya bi ta cikinshi ba.

In aikin babba ne to a zagaya shago uku aƙalla, cikin babbar kasuwa da na bakin titi, a tambayi farashin iri ɗaya kauri ɗaya, ba wai "rabin inci nawa" kawai ba. Masu cewa a tafi Kano kasuwar Ƙofar Ruwa gaskiya ne sari ya fi sauƙi can, kamfanonin roba ma suna Sharaɗa da Chalawa, amma fayif dogo ne, ba ya shiga but ɗin mota, in guda goma ne kawai kuɗin ɗauko shi zai cinye ribar. Sai dai in mutum huɗu ko biyar masu gini a layi ɗaya su haɗa kuɗi a ɗauko bandir a raba, mun taɓa yin haka mu uku kuma kowa ya ji daɗi. Mutanen Daura ta Kazaure ma hanyar ta fi masu kusa.

Ga masu shago kuma, 'yan uwana, na san kasuwa ta yi wuya kuma mai saye ne ke matsa maku a ba shi na ƙasa. Amma tambaya ɗaya ce, "Alhaji wane aiki za a yi da shi?" In ya ce cikin bango ne ku faɗa mashi gaskiya, in ya nace wannan ruwanshi. Akwai wani yaro a shagon da nake saye yanzu, duk sanda na je sai ya tambaye ni, rannan ma shi ya hana ni sayen mai tsada ya ce "Yallaɓai wannan layin kajin ne, ɗauki wancan ya ishe ka", kuma tun daga lokacin mutum nawa na tura masu ban san adadi ba.

Maƙwabcin nawa dai mun zauna da shi daren jiya mun zana layin a bayan kwalin sabulu. Ba za mu sake binne komai a bangon ba, ta waje za mu bi da shi a ɗaure da kilif a shafa fenti, tiri kwata, wato kashi uku cikin huɗu na inci, mai ba 10 daga tanki, a rage zuwa rabin inci a bakin shawa da famfo, elbo biyar, ti ɗaya, yuniyan ɗaya, bal geji ɗaya. Haɗin cikin banɗakin da ya shafi tayil mun bar ma Baba fulamba, ranar Asabar in Allah ya kai mu zai zo, mu kuma mu ja na wajen da kanmu.