A buɗe wa ma'aikatan laburare zauren koyon aiki da juna

Tsarin da aka saba a laburaren jami'a shi ne a haɗa sabon ma'aikaci da babba guda ya riƙa nuna masa aiki. Tsarin yana da rauni. Manyan ba su da yawa, mitin da koyarwa sun cinye lokacinsu, ƙaramin kuma yana jin nauyin maimaita tambaya ga wanda zai cike masa takardar ƙarin girma. Ranar da babban ya yi ritaya, iliminsa ya bi shi gida.

Mafita ita ce abin da Jean Lave da Etienne Wenger, masu bincike kan yadda mutane ke koyo, suka bayyana a 1991: masu sana'a ɗaya su riƙa zama a kai a kai suna warware matsalolin aikinsu tare, sabon shiga ya fara daga gefe har ya gwanance. Ga Basakkwace wannan ba baƙon abu ba ne, haka ake ɗaukar karatu a zauren malamai.

Mutum shida zuwa goma sun isa, sa'a ɗaya duk mako biyu, kuma a cikin lokacin aiki. Idan aka kai shi bayan tashi, matan aure da masu zama nesa da harabar makaranta su ne za su fara janyewa. Kowane zama matsala ɗaya, wadda wani ya ɗauko daga teburinsa.

Ɗauki sunayen malaman jihadi. A laburare irin na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo, marubuci ɗaya na iya zuwa da Fodiyo a bangon wannan littafi, Fodio a wancan, Fudi a na uku. Idan kowane mai katalog ya kwafi abin da ya gani, ɗalibi zai nema a kwamfuta ya samu kaɗan, sauran su ɓace masa alhali suna kan kanta. A zaure ake duba ƙa'ida a tsayar da siga ɗaya da za ta shiga fili na 100, wato gurbin sunan marubuci a MARC, tsarin shigar da bayanan littafi a kwamfuta, a yi wa sauran nuni zuwa gare ta, a kuma nuna wa sabo yadda ake sa rubutun Larabcin a fili na 880, gurbin da aka ware wa rubutu da wasu haruffa. Matashin da ya iya manhajojin laburare irin su Koha ko DSpace shi ma yana da abin koya wa dattijon da ya haddace tsarin rarraba littattafai. Duk abin da aka yanke a rubuta shi a shafi ɗaya, a ajiye inda kowa zai gani.

Abin da ya fi kashe irin wannan zama shi ne mayar da shi kwamiti. Da zarar shugaban laburare ya hau kujera, aka fara ɗaukar sunayen mahalarta da maganar alawus, ba wanda zai sake cewa "ban gane ba". Aikin shugaba ya ba da lokaci da ɗaki, ya kuma lissafa halartar a cikin aikin ma'aikaci. Jagorancin zama ya riƙa zagayawa. Kada a ware masu difloma, domin su ke kan teburin ba da aro, su suka san abin da ɗalibai ke nema su rasa. Dandalin WhatsApp kuwa, in ba a kafa masa doka ba, sanarwar biki da ta'aziyya za su binne tambayoyin aiki.

Idan zauren ya kafu, sai a riƙa gayyato takwarori daga Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi duk wata uku, tare da masu kula da rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Waziri Junaidu, waɗanda suka fi kowa sanin sunayen nan da nasabarsu.