Allon wurin zubar da shara ba fagen nuna iya Turanci ba ne

Mutumin da ya zo zubar da shara yana tsaye ne da leda a hannu, wari na dukan hancinsa, so yake ya sauke ya wuce. Shi ne kuma ake kafa wa allo mai cewa "Kindly refrain from depositing non-recyclable refuse in this receptacle". Don Allah, wa aka rubuta wa wannan? Wallahi abin yana damuna, domin idan ya jefa a inda bai dace ba, shi za a kira marar tarbiyya, alhali allon ne ya ɓatar da shi.

Kalmar "refuse" kaɗai tarko ce: tana nufin shara, tana kuma nufin ƙin yarda. "Inflammable" ta fi ta haɗari, don da yawa suna ɗauka abin da ba ya kama wuta ake nufi, ga shi kuwa akasin haka ne.

Ni a ganina, a kira sunan abin da ke hannun mutum kawai. "Bottles and cans." "No batteries." "Empty and rinse." Layi ɗaya, umarni ɗaya. In ka fara da "rubbish" irin na Ingila, kada ka koma "trash" na Amurka a layi na gaba, mai karatu zai zaci abu biyu ne.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce "recyclable", wato abin da za a iya sake sarrafawa, saboda tana ɗora wa mai zubarwa hukuncin da bai da ilminsa. Zai juya robar, ya ga kibiyoyi uku ɗin nan masu bin juna, irin alamar da wani ɗalibi Ba'amurke, Gary Anderson, ya zana a 1970, sai ya ce shi ke nan. Amma lambobin 1 zuwa 7 da aka fara sa wa roba a Amurka a 1988 nau'in robar kawai suke nunawa, ba su yi alkawarin cewa wurin nan yana karɓarta ba. In lamba 1 da 2 kuke ɗauka, ku rubuta "Plastic bottles: 1 and 2 only".

Kada a raina wannan. Batirin litiyam ɗaya, in motar shara ta matse shi, yana iya tayar da gobara. Fasasshen tangaran a cikin kwalabe yana ɓata narkon gilashi, kwali mai maiƙo kuma yana lalata na kusa da shi. A 2018 ƙasar Sin ta daina karɓar kayan sake sarrafawa da gurɓatarsu ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari.

Wani zai ce hoto ya isa. A sa hoton mana, amma hoto ba ya cewa a ɗauraye.

Kafin ku buga allon, ku kai wa masu tsince sharar da hannunsu. Su suka san kuskuren da ake maimaitawa kullum, kuma shi ya kamata ya hau layin farko da manyan baƙaƙe.